Kukan Gyare

Idan ka bi ta gonakin da ke gindin Dutsen Kufena da almuru, lokacin damina, za ka ji wani kuka mai ƙara yana cika maka kunne. Gyare ke nan. Yara da yawa suna tsammani da baki yake yinsa, amma ba haka ba ne. Fikafikansa biyu na gaba yake gogawa da juna. Ɗaya yana da 'yan haƙora kamar zarto, ɗayan kuwa shi ke kankarar su. Namiji kaɗai ke wannan kuka, yana bakin raminsa, don ya kira tamata. Ita ba ta cewa uffan. Abin mamaki kuma, kunnuwan gyare a ƙafafunsa na gaba suke, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Da rana yana cikin rami, ya toshe baki da tulin ƙasa. In dare ya yi sai ya fito, ya yanki ganye, ya ja ciki. Manomi ba ya murna da shi, gama yakan datse shuka tun tana ƙarama. Tulin ƙasar nan ke tona masa asiri, yara su haƙo shi su gasa.