DARASIN KIWON ZUMA: ME ZA A SHAFA WA KATAKON AMYA?

Darasinmu na wannan wata na masu fara kiwon zuma ne, musamman mutanen Tiga, Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa.

Allah Ya albarkaci wannan yanki da abin da ƙudan zuma ke so. Akwai ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ga Dajin Falgore. Ga ɗorawa da kaɗanya da mangwaro masu fure da rani.

Iyayenmu da ciyawa suke saƙa amya, su shafe ta da kashin shanu, su ɗora a kan itace. Yanzu amyar katako ta shigo, kamar mai sanduna a sama irin ta Kenya. Tana ba da zuma mai tsabta, kuma ba sai an ƙone ƙuda ba. Amma katako yana da maƙiya biyu: gara da ruwan sama. Saboda haka kafinta zai ce a shafa magani. To, a nan ne haɗarin yake.

ME YA SA AKE TSORON MAGANI?

Gara ƙwaro ce. Ƙudan zuma ma ƙwaro ne. Maganin da ya kashe gara zai iya kashe ƙuda. In bai kashe su ba, warinsa zai hana su shiga, ko su shiga su tashi. Shi ke nan mutum ya yi asarar kuɗin katako da na kafinta.

Abu na biyu ya fi wannan muni. Kakin zuma yana shan magani kamar yadda tsumma ke shan mai. Rana ta yi zafi, maganin ya fito daga katako, ya shiga saƙa, ya shiga zuma. Wannan zumar ce za a ba mara lafiya da mai jego. Suratun Nahli ta sanar da mu cewa akwai waraka a cikin zuma. Bai kamata mu mai da ita guba da hannunmu ba.

A 1984 masu bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka sun gwada magungunan katako iri-iri a jikin amya. Sun sami wani daga ciki a cikin zuma da kaki. Wasu kuma sun jawo mutuwar ƙuda da sanyi.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

1. Baƙin mai. Yana da araha, amma yana ɗauke da dattin inji mai cutarwa, kuma warinsa ba ya fita.

2. Solignum da ire-irensa. Na katakon rufin ɗaki ne. An yi su ne don kashe ƙwari.

3. Gamalin. Ƙasashen duniya sun sa sinadarinsa cikin jerin haramtattu a 2009. Ko an same shi a ɓoye, kada a saya.

4. Fiya-fiya da maganin feshin gona. Saboda yawan irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Zuma ma haka mai saye zai guje ta.

5. Tsohon katakon layin dogo da turken wayar lantarki. An jiƙa su da magani har ciki. Alamarsu baƙi-baƙi da warin kwalta, ko kuma kore-kore. Kada a yi amya da su. Kada a yi girki da su, kada a yi wa ƙuda hayaƙi da su.

6. Katakon ɗora kaya da ake kawowa daga waje. A duba tambarin jikinsa. In an ga harufan MB, an yi masa turaren guba, a bar shi. In an ga HT, da zafi kawai aka gasa shi. Amma ko shi, in mai ko magani ya zube a kansa, a bar shi. Kun ga amfanin iya karatu ke nan.

TO, YAYA ZA A KARE AMYA?

Da farko a zaɓi katako mai kyau, wanda ya bushe sarai. Maɗaci yana da ƙwari. Malaina ba ta da nauyi, kuma tana da sauƙin aiki. Ƙirya ta dace da ƙafafu, don gara ba ta cinta da sauri.

Cikin amya ba a shafa komai sai kakin zuma. A narka shi, a goga a sanduna da bakin ƙofa. Ƙanshinsa yana kiran ƙuda. Sauran aikin nasu ne, da kansu suke shafe cikin gidansu da danƙon itatuwa.

Bayan amya kaɗai ake yi wa fenti. A yi amfani da fentin ruwa, fari ko mai haske, don rage zafi. A shanya a inuwa kamar mako 2, har wari ya fita duka.

A yi murfi da kwano, ya zarce gefen amya, don ruwa ya zuba nesa.

Kada amya ta taɓa ƙasa. A ɗora ta a kan ƙafar ƙarfe, ko a rataye ta da waya. In ƙafar itace ce, a babbake gindinta kafin a kafa. A shafa giris a tsakiyar ƙafa don tururuwa da kwarkwasa. A zuba toka a kewaye, a riƙa nome ciyawa. Duk mako a zagaya, in an ga gara ta fara gini, a karkare.

Kafin ka ba kafinta aiki, ka gaya masa a fili: akwatin abinci ne, kada ya sa magani. In ka sayi amya a shirye, ka buɗe ka sansana. In ka ji warin kalanzir ko kwalta, ka mayar. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa maganin gara yake cutar da ƙudan zuma?
2. Rubuta abubuwa 3 da ba a shafa wa amya.
3. Mene ne bambancin MB da HT?
4. Me ake shafawa a cikin amya?

A karanta wannan darasi a aji, a kuma karanta wa maƙwabta. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.