Babi na Bakwai: Gwajin Farantin Sola Mai Aiki Biyu a Cikin Ɗaki

Farantin sola na yau da kullum yana mayar da kusan kashi 20 cikin 100 na hasken ranar da ya sauka a kansa zuwa wutar lantarki, mafi yawan ragowar kuwa zafi yake zama, zafin nan kuma shi ke rage wa farantin ƙarfi. Don a ci moriyar wannan zafi ne aka ƙera faranti mai aiki biyu, wato wanda aka shimfiɗa wa bututu a baya, ruwa na bi yana kwashe zafin, farantin ya huce, ruwan kuma ya yi ɗumi don wanka da wanke-wanke.

Auna ingancin irin wannan faranti a fili yana da wuya, saboda rana ba ta tsayawa wuri guda, gajimare da hazo suna tare ta, iska kuma tana sauyawa. Saboda haka cibiyoyin bincike, irin su Fraunhofer ISE da ke birnin Freiburg a Jamus, suke yin gwajin a cikin ɗaki, ƙarƙashin jerin manyan fitilu masu kwaikwayon hasken rana, tare da fankoki masu hura iska daidai gwargwado.

Wajen auna lantarki, ƙa'idar da duniya ta amince da ita ita ce haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, farantin kuma yana kan digiri 25 a ma'aunin Salsiyos, kuma walƙiyar fitila ta ƙiftawar ido ta wadatar. Auna zafi kuwa sai an bar fitilun a kunne har komai ya daidaita, sannan a duba ɗumin ruwan da ke shiga, da na wanda ke fita, da yawan da ke wucewa. Alal misali, idan lita ɗaya ke wucewa cikin minti guda, ta fito da ƙarin digiri 6, to an samu zafi na kimanin wat 420. Ana maimaita awon da ruwa mai ɗumi daban-daban, ana janyo lantarkin a lokaci guda, domin amfanin biyu suna jayayya: gwargwadon zafin ruwan, gwargwadon raguwar wutar, wadda ke sauka da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri sama da 25.

Amfanin wannan sani ga mai saye shi ne ya gane cewa adadin wat da aka rubuta a bayan faranti sakamakon ɗakin gwaji ne, ya dace da kwatanta faranti da faranti, amma a zafin bazara na Sakkwato ko Damagaram, ko lokacin ƙurar hunturu, wutar da zai samu ba za ta kai haka ba.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin bututun da ke bayan farantin?
2. Me ya sa ake gwajin a cikin ɗaki?