Ciwon Baya, Wuya da Kafaɗa: Nasiha ga Mutanen Pantami

Cikin dukkan lalurorin da ke kawo mutane sashen gashin ƙashi, inda Allah Ya ƙaddara mini neman abinci a nan birnin Gombe, babu wadda ta kai ciwon baya yawa, sai ciwon wuya da na kafaɗa suna biye da shi. Kuma da yake a Pantami nake zaune, tambayar da ake yi mini a ƙofar masallaci bayan Magariba ta kusa fin wadda ake yi mini a asibiti, shi ya sa na ga ya wajaba in rubuta amsar domin amfanin jama'a. Al'amarin kuwa bai tsaya a kanmu kaɗai ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a faɗin duniya, kuma babu wata cuta da ta fi shi raba mutane da sana'arsu.

Ka sani, ya kai mai karatu, Allah cikin hikimarSa Ya gina ƙashin bayan ɗan Adam da gaɓoɓi 33, wato 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ya maƙale, 5 a ƙugu, sauran kuma sun haɗe a can ƙasa. Ya sanya faifan guringuntsi mai taushi a tsakanin gaɓoɓin da ke motsi, Ya ratsa laka ta tsakiyarsu, sannan Ya ɗaure ginin duka da tsoka da jijiyoyi. Galibin ciwon da muke gani, kimanin kashi 90 cikin ɗari, ba a samun karaya ko gocewa ko wata muguwar cuta a ƙarƙashinsa. Tsoka ce da gaɓoɓi suka gaji da zama a hali guda, ko aka ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Wanda ya dubi ɗan acaɓa da ke wuni bisa babur yana faɗawa ramuka, da tela da ke duƙe kan keke tun hantsi har La'asar, da ɗan dako da ke saɓa buhun masara a kasuwar Tudun Hatsi, da uwargida da ke shara da guntuwar tsintsiya tana wanki a sunkuye ga goyo a baya, ba zai nemi wani ɓoyayyen sababi ba. Samari kuwa nasu na wuya ne, saboda kan mutum ya kai nauyin kilo biyar ko kusa da haka, kuma wuyan da ya riƙe shi a sunkuye kan waya rabin dare dole gari ya waye yana ƙorafi.

Irin wannan ciwo, in aka bi shi da hankali, yakan lafa cikin makonni shida ko ƙasa da haka. Abin da ke mayar da shi ciwon shekara da shekaru, bisa ga abin da nake gani, al'adu biyu ne da muke ɗauka jinya ce alhali kuwa cutarwa ce. Ta farko ita ce kwanciya. Da zarar magidanci ya ce bayansa ya riƙe, sai a shimfiɗa masa katifa, a hana shi ko da ɗaukar buta, a yi ta zuwa dubiya, shi kuma tsokar da ke tallafe da bayan tana ƙara rauni kullum, har ranar da zai miƙe ya tarar ciwon ya ƙaru, ga tsoron motsi ya shige shi. Hutun kwana ɗaya ko biyu babu laifi idan ciwon ya tsananta, amma bayan haka maganin yana cikin tafiya a hankali, da gasa wurin da ruwan ɗumi, da komawa aiki sannu sannu, da tashi a miƙe jiki duk bayan rabin sa'a ga mai sana'ar zama. Mai ɗaukar kaya kuma ya durƙusa da gwiwa, ya jawo kayan kusa da jikinsa, kada ya murɗa ƙugu da nauyi a hannu.

Ta biyu ta fi muni, ita ce haɗi, wato ƙwayoyin nan da ake ƙulle wa mutum a leda a kemis ko a hannun masu talla, ya afa su gaba ɗaya da dare ba tare da ya san sunan ko guda ba. Sau da yawa idan na ce a kawo mini ledar, sai in tarar da diklofenak da ibuprofen a tare, waɗanda aikinsu iri ɗaya ne, kuma yawan shansu yana haifar da gyambon ciki yana lalata ƙoda. Wani lokaci da deksametason a ciki, wanda ke kumbura fuska, ya hau da suga, ya zaizaye ƙashin da ake neman gyarawa. Wani kuma har da taramol, wanda kowa ya san halin da ya jefa matasanmu. Mai shan haɗi yana jin sauƙi da safe, hakika, sai dai sauƙin aro ne, kuma ƙoda ce ke biya.

Ba na jayayya da dattijon da ya ce mini basir ne ya kama masa baya, ko sanyi ne ya shiga ƙashinsa, domin ba gardama ya zo yi ba. Nakan dai nuna masa cewa jiƙon da ya shekara yana sha bai taɓa tsokar da ke ciwo ba. Amma a ja wuyan mutum da ƙarfi, ko a hau bayansa a tattaka alhali ba a san abin da ke ciki ba, wannan ganganci ne ko da wane ne ya yi. Haka kuma masu dagewa sai an yi musu hoto, ya kamata su san cewa mutane masu yawa da suka haura shekara arba'in, in an ɗauki hoton bayansu, za a ga alamun zaizaya alhali ba su jin ciwon komai, kamar yadda furfura ba ta ciwo.

Kafaɗa tana da nata hukuncin daban. Akwai wata dattijuwa da ta ce mini, "Ɗan nan, hannun ya ƙi kai wa ɗaurin ɗankwali, kuma dare bai bari in kwanta ta ɓangaren." Na ce, "Mama, yaushe rabonki da gwajin suga?" Ta ce ba a taɓa yi mata ba, da aka gwada kuwa sai ga shi ya hau. Wannan riƙewar kafaɗa ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60, musamman mata da masu ciwon suga, tana farawa da zafi, sannan ta sandare, sannan ta saki a hankali, kuma takan ɗauki shekara guda har zuwa uku. Rataye hannun a wuya da ƙyalle yana ƙara sandarar da shi, abin da ke taimako shi ne motsa shi kullum gwargwadon iko, kamar hawa bango da yatsu, tare da kula da sugan. Game da salla kuwa, wadda ita ce ta fi damun dattawa, malaman fiƙihu sun bayyana rangwamen da shari'a ta yi wa wanda tsayuwa ko ruku'u ya gagara, ya yi a zaune. Ni dai abin da nake ƙarawa shi ne, idan sauƙi ya samu a koma tsayuwa, kada kujera ta zama ta dindindin.

Sai dai akwai ciwon da haƙuri da shi haɗari ne. Idan ciwon baya ya zo da zazzaɓin dare da gumi da rama, ko wani ƙashi ya fara turowa kamar ƙusumbi, to ana tuhumar tarin fuka na ƙashin baya, wanda likitan Ingila Percivall Pott ya siffanta tun 1779, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, amma jinkiri na iya shanye ƙafafu. Wuyan da ya sandare farat ɗaya tare da zazzaɓi da ciwon kai, musamman a lokacin bazara, sanƙarau ake tsoro. Zafin kafaɗar hagu da nauyin ƙirji da zufa na iya zama daga zuciya. Wanda kuma ƙafafunsa suka fara rauni, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba da saninsa ba, jijiyoyi ne aka danne, kuma sa'o'i kaɗan na iya raba warkewa da nakasa. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsa ko a jikin wani nasa, ko bayansa ya kama ciwo bayan faɗuwa daga babur, ina roƙonsa kada ya kwana a gida. Ya nufi Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe a ranar, ya kuma tafi da ledar duk maganin da yake sha.