Ciwon Damuwa: Na Cikin Waya da Na Ɗakin Shan Magani

Wata budurwa ta shigo ɗakin shan magani a yankin Paikon Kore, ko zama ba ta yi ba ta miƙa wa mai wannan rubutu, wadda ma'aikaciyar jinya ce, wayarta. "Anti, duk abin da matar nan ta lissafa a TikTok ina da shi." Bugun ƙirji, kasala, jiri. Da aka buɗe idonta aka gan shi fari fat, gwaji kuma ya nuna jininta ne ya yi ƙasa.

Bayan ta wata dattijuwa ta shigo daga ruga. Wata da watanni tana shan maganin zazzaɓi da taifot, kullum kukanta ɗaya, jiki na ciwo. Sai da aka ja kujera aka ce, "Inna, yaya barci?" sannan hawaye suka zubo. Tun rasuwar ɗanta ba ta runtsawa, abinci ba ya shiga, ta daina zuwa suna da biki. Ita ce mai ciwon damuwar, kuma ba ta taɓa riƙe babbar waya ba.

Wanda ya leƙa zaurukan WhatsApp da Facebook zai ɗauka matasa kaf ciwon ya kama su. Dalilin a fili yake. Mai fama shi ke neman zauren, lafiyayye ba ya rubuta cewa lafiyarsa ƙalau, manhajar kuma da ta ga an tsaya a kan bidiyo ɗaya sai ta yi ta turo irinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas, kimanin miliyan 970, na rayuwa da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Adadi ne mai yawa, amma bai kai abin da waya ke nunawa ba.

Ma'aikaciyar ba ta raina masu wannan rubuce-rubuce, don sun fasa shirun da ya daɗe yana jefa mutane hannun masu cewa iska ce ko sammu. Abin da ke tayar mata da hankali shi ne mai yanke wa kansa hukunci ya zarce kemis ya sayi ƙwayar barci ko tiramol.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, sai dai likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Sa'ar Paikon Kore ita ce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja yana nan kusa a Gwagwalada.

Duk wanda baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka kai masa mako biyu, ya zo a duba shi. Wanda kuwa tunanin halaka kansa ya fara zo masa, a kawo shi a ranar, don Allah kada a bari sai gobe.