Hilux Ɗina Zai Iya Jan Tirelar Shanu?

Tambaya: Ina da Hilux, ina son in riƙa jan tirelar shanu daga kasuwar Mararrabar Liman Katagum zuwa cikin garin Bauchi. Na ga irin maƙalar da Amurkawa ke kafawa a tsakiyar bodi. In sa a yi mini? Daga wani mai karatu, Bauchi.

Amsa: Malam, wannan maƙala ƙwallon ƙarfe ce da ake kafawa saitin tayoyin baya, don nauyi ya sauka a kansu. Manyan motoci irin su Ford F-350 aka fi yi wa ita, domin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin tirela kan mota yake hawa. Tirela mai tan 3 za ta ɗora maka kilo 600 zuwa 750, alhali duk abin da Hilux ke ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, har da kai da yaran mota.

Shawarata, ka tsaya ga maƙalar baya mai ƙwallon milimita 50. Duba littafin motarka: iyakar nauyin da Hilux mafi ƙarfi ke ja kilo 3,500 ce in tirela na da birkinta, in babu kuwa kilo 750.

Kowacce ka zaɓa, a ɗaure ta da noti a jikin shasi. Kada mai walda ya liƙa ta a falankin bodi ko a bamba, tsigewa za ta yi. A sa sarƙoƙi biyu, a haɗa fitilun birki da sigina, sannan ka kai wa jami'an VIO su duba kafin ka loda shanu.