Yadda Hukumar Gari Ta Ke Sayen Kayan Aikin Jama'a

Ran 31 ga Agusta, 1980, kogin Ogunpa ya yi ambaliya cikin birnin Badun, ya ci gidaje da dukiya da rayuka masu yawa. Ran 26 ga Agusta, 2011, ruwa ya sake cin birnin, mutum fiye da 100 suka halaka. Ruwan sama ba ya hannun ɗan Adam. Amma cikin dalilan da suka ƙara ɓarnar har da shara wadda ta toshe magudanai, da gine-ginen da aka yi a bisa hanyar ruwa, waɗannan kuwa a hannunmu su ke. Saboda haka ya kamata mu da za mu zama malamai mu san yadda hukumar gari ta ke aikinta na yau da kullum, musamman yadda ta ke sayen kaya, gama ba a yashe lambatu sai da shebur, shebur kuwa sai an saya.

Aikin hukumar

A Nijeriya akwai ƙananan hukumomi 774. Tsarinsu ya samo asali daga gyaran da aka yi a 1976, sa'ad da aka mai da mulkin gari iri ɗaya a ƙasa duka. Dā hukuma ɗaya ce ta ke riƙe da cikin birnin Badun, zauren Mapo wanda aka gama gininsa a 1929 shi ne gidan shawarar gari. A 1991 aka raba cikin birnin kashi 5. Unguwar Sabo, inda Hausawa su ke da yawa, da kasuwar Bodija, duka suna cikin Badun ta Arewa.

Tsarin Mulki na 1999 ya lasafta ayyukan ƙaramar hukuma. Ga waɗansu: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, makabartu, bayan gida na jama'a, kwashe shara, gyaran tituna da magudanai da fitilun hanya, sa wa tituna suna da gidaje lamba, da rubuta haihuwa da mutuwa da aure. Har wa yau tana da hannu cikin makarantun firamare da yaƙi da jahilci da aikin lafiya. A manyan birane gwamnatin jiha ta kan ɗauke wani sashe, kamar na shara, ta hannun hukumominta.

Inda kuɗi su ke fitowa

Hanya biyu ce. Ta fari, abin da hukuma ta ke tarawa da kanta: kuɗin rumfar kasuwa, da na tasha, da na lasin, da harajin gidaje. Ta biyu, rabonta daga asusun Tarayya, inda ƙananan hukumomi duka su ke da kashi 20.60 cikin 100. Shekara da shekaru wannan rabo yana bi ta wani asusu na haɗin gwiwa da gwamnatin jiha, har ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan kowace hukuma kai tsaye. Ko ta wace hanya suka shigo, kuɗin na talakawa ne. Shugaba da kansiloli da ma'aji riƙon amana su ke yi.

Matakan saye

A ce hukuma tana bukatar baro 50 domin masu yashe lambatu kafin damina. Ga yadda ya kamata abin ya bi.

Da fari dubagari ya rubuta wa shugaban sashen lafiya bukatarsa. Sai a duba kasafin kuɗin shekara, watau lissafin abin da a ke sa rai zai shigo da abin da za a kashe, wanda majalisar kansiloli ta yarda da shi. In ba a keɓe wa baro kuɗi a ciki ba, to, magana ta tsaya ke nan, sai majalisa ta yi ƙari.

Na biyu, a yi shela. A manna takarda a allon sanarwa, in aikin babba ne a buga a jarida, a faɗi irin baron, da yawansa, da ranar da za a rufe karɓar tayi. Kowane ɗan kwangila ya rubuta kuɗinsa, ya liƙe cikin ambulan, ya jefa a akwati. Dalilin liƙewa shi ne kada wani ya leƙa kuɗin ɗan'uwansa ya rage nasa.

Na uku, a buɗe akwati a gaban masu tayi duka, a karanta kuɗin kowa da ƙarfi, akawu yana rubutawa. Sa'an nan kwamitin ba da kwangila ya zauna ya auna. Ka'ida ita ce a ba mai mafi ƙarancin kuɗi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Ku lura da wannan ƙarshen maganar ƙwarai. Wanda ya kawo baro mai ƙarfe kamar gwangwanin madara bai cika sharaɗi ba, ko da kuɗinsa ya fi na kowa sauƙi. Araha ba ta ado. Wannan ka'ida tana cikin dokar saye wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2007, jihohi da yawa kuma sun kafa tasu a bisa wannan tafarki.

Na huɗu, a ba wanda ya ci takardar oda. In ya kawo kaya, mai sito ya ƙirga ɗaya ɗaya, ya duba ko irin da aka ce ne, ya shigar a littafinsa. Sai bayan wannan ma'aji zai biya, da takardar biya wadda aka haɗa da oda da shaidar mai sito. A ƙarshe odita, wanda ba ya ƙarƙashin shugaban hukuma, ya zo ya gwada takardu da abin da ke cikin sito.

Don me wannan dogon zagaye?

Mutum ya iya cewa, baro 50 kaɗai, me ya hana a aiki masinja kasuwa ya sayo? Amsar ita ce an raba aikin da gangan, domin kada mai nema ya zama shi ne mai zaɓe, shi ne mai karɓa, shi ne kuma mai biya. In hannu ɗaya ya riƙe duka huɗun, ba mai ganin abin da ya ke yi.

Hanyoyin ɓarna sanannu ne. A kan ƙara kuɗi a takarda fiye da na kasuwa. A kan yayyanka babbar kwangila ƙanana ƙanana don kada ta kai adadin da ya wajabta shela. Mutum ɗaya ya kan jefa tayi uku da sunaye uku. Mai sito kuma ya kan sa hannu ya karɓi 50 alhali 30 aka kawo. Baro 20 ɗin da suka ɓace a takarda, a unguwa a ke jin rashinsu, ranar da ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakin mutane. Amma mu ma muna da namu laifi, gama mai zuba shara a lambatu da dare ya ɓata aikin baro ko da an sayo shi da gaskiya.

Aiki domin aji

Yara ba su kan gane wannan darasi da karatu kaɗai ba. Malami ya sa su yi shi da wasa: a ce aji zai sayi tsintsiya 10, yara uku su zama 'yan kwangila, a naɗa kwamiti da mai sito da ma'aji da odita. Bayan wasan a yi musu waɗannan tambayoyi:

1. Faɗi ayyuka 5 na ƙaramar hukuma waɗanda ka gani a unguwarku.
2. Don me a ke buɗe akwatin tayi a gaban kowa?
3. An biya kuɗin baro 50, kowane naira 40,000, amma 30 aka kawo. Nawa jama'a suka yi hasara?
4. Mene ne sunan mazaɓarku, wa kuma ya ke wakiltarta a majalisar hukuma?