Darasi na 18: Rumbun kwamfuta

Manomi yana adana gero a rumbu. Kwamfuta ma tana da nata rumbun, inda take ajiye rubutu da hotuna.

A 1956, kamfanin IBM na Amurka ya ƙera rumbun kwamfuta mai nauyin kusan tan ɗaya. Manyan ma'aikatu kaɗai ke iya hayarsa, amma hotuna biyu na wayar zamani sun isa su cika shi.

Yau a kasuwar Mora ana sayar da katin memori, ɗan ƙarami kamar farce. Yana ɗaukar dubban hotuna, kuɗinsa bai kai na akuya ba.

Amma ƙaramin abu ba ya wuyar ɓata. Ku ajiye hoton takardar haihuwarku wuri biyu.

Tambayoyi
1. Me ake ajiyewa a katin memori?
2. Don me za a ajiye hoton wuri biyu?